Kafin a Sayo Sabuwar Saba

A duk ofishin da ma'aikatansa suka kai talatin ko arba'in, akwai wata kwamfuta da ba ta da mai zama a gabanta. Tana can a wani ɗan ɗaki kusa da sito, ko ƙarƙashin matakala, tana gurnani dare da rana. A cikinta kowa ke zuba aikinsa: jadawalin albashi, wasiƙu, zanen gini, hotunan taro, da rahoton da aka rubuta shekara takwas baya wanda ba a sake buɗewa ba. Ita ce sabar fayil. Ba mai tunawa da ita sai ranar da folda ta yi gardamar buɗuwa. Da safe za a ce saba ta yi nauyi, kafin azahar magana ta koma saba ta cika, kafin Juma'a ɗan kwangila ya ajiye takardar farashin sabuwa a teburin oga.

Tsakanin wannan ƙorafi da sa hannun oga akwai aikin wani mutum, wanda a ofis ake ce wa injiniya ko ɗan ICT, kuma da yawa ba su san yana da wata gwaninta da ta wuce gyaran firinta ba. Shi zai ce a saya ko kada a saya. Wanda bai iya ba yakan ce a saya, don hakan ya fi sauƙi, idan kuma nauyin bai tafi ba sai a ɗora wa NEPA ko masu intanet laifi. Gwani kuwa ba ya amsa tambayar yadda aka yi masa ita. Sai ya fara gano wane ɓangare ne ya gaza, sannan ya gano yaushe zai gaza gaba ɗaya. Na ga wannan aiki a hannun waɗanda suka iya shi, kuma ban san wani aikin ofis da ke ceton kuɗi masu yawa a ɓoye kamarsa ba.

Ƙarfin saba ba abu guda ba ne. Ɗauki sito a kasuwar Dawanau. Abu uku ke iya tsayar da aiki a can: ko sito ya cika babu inda za a jibge buhu, ko ƙofa ta yi ƙunci, ko 'yan dako sun yi kaɗan. Mai hatsin da ya kama hayar sabon sito alhali 'yan dako ne ba su isa ba, ya yi asarar kuɗin haya, motocinsa kuma suna nan a layi. A saba, faɗin sito shi ne terabait nawa take ɗauka, ƙofa ita ce wayar netwok da suwic ɗin da take bi, 'yan dako su ne fayafayan ajiya da yawan buƙatun da suke iya biya a cikin daƙiƙa. Ma'aikaci a teburinsa ba ya iya bambance su. Duk wanda ya gaza a cikin ukun, abu ɗaya yake gani: da'irar nan mai juyawa a fuskar kwamfuta.

Shi ya sa gwani ba ya fara shiga ɗakin saba. Teburin mai ƙorafi yake fara zuwa.

"Hajiya, ke kaɗai ce, ko har da na kusa da ke?"

"Wallahi Malam, kowa ma kuka yake."

"Yanzu ma haka take, ko da safe ne kawai? Wane fayil kika buɗe?"

Tambayoyin kamar na hira ne, amma kowace amsa tana zubar da rabin zato. Idan mutum ɗaya ne, matsalar tana kwamfutarsa ko wayarsa ko Wi-Fi ɗin da ya maƙale wa. Idan bene ɗaya ne, a duba wayar da ta haɗa suwic ɗin benen da na ƙasa, domin mutum ashirin ne ke rububin hanya guda. Idan lokaci ɗaya abin ke faruwa kullum, to akwai wani aiki da ke tashi a lokacin, ko kwafin ko-ta-kwana na dare da bai gama ba har gari ya waye, ko manhajar kashe bairos da aka saita ta share faifai ƙarfe tara na safe. Idan fayil ɗaya ne, wataƙila jadawalin Excel ne da aka ɗaure shi da wasu goma, ko kuma wani ya ɗora akwatin wasiƙunsa na Outlook a kan saba, abin da Microsoft da kansa ya daɗe yana cewa kada a yi. Sai idan kowa ne, a ko'ina, a kan kowane fayil, sannan saba ta cancanci a tuhume ta.

Akwai wata ƙaramar cuta da ke yaudarar mutane, kuma saninta kaɗai ya isa ya raba gwani da ɗan koyo. Wayar netwok tana da zare takwas a ciki, an murɗa su bibbiyu. Gudun gigabit ɗaya yana buƙatar dukan takwas ɗin, gudun megabit 100 kuwa huɗu kawai yake nema. Idan ɓera ya ci zare ɗaya, ko ƙafar kujera ta daɗe tana danne wayar, ko wanda ya ɗaura kanta bai matse da kyau ba, sau da yawa netwok ba ya yankewa. Sai dai ya sauko shiru zuwa megabit 100 ba tare da ya sanar da kowa ba. A gigabit, fayil mai gigabait 2 yana wucewa cikin daƙiƙa ashirin ko ƙasa, domin abin da waya ke ɗauka a zahiri kusan megabait 110 ne a daƙiƙa. A megabit 100, fayil ɗin nan zai ci minti uku. Idan wayar da ta lalace ita ce ta bayan saba, ofis gaba ɗaya zai rantse cewa na'urar ta tsufa, alhali maganin bai kai kuɗin abincin rana ba. Gwani yakan dubi fitilar suwic, ya gwada hanyar da manhajar iperf, ya kawar da wannan zato cikin minti biyar kafin ya taɓa komai.

Daga nan sai awo, kuma a nan haƙuri yake shigowa. A Windows Server akwai Performance Monitor, a Linux akwai iostat, dukansu kyauta ne. Gwani yakan kunna su su riƙa rubuta halin faifai da waya da RAM kowane minti, ya bar su sati biyu ko fiye, kuma dole ƙarshen wata ya faɗo a ciki, lokacin da sashen kuɗi ke haɗa albashi kowa kuma ke rige-rigen miƙa rahoto. Abin da ba ya yarda da shi shi ne matsakaicin lissafi. Sabar da ke barci daga biyar na yamma zuwa takwas na safe, da Asabar da Lahadi, za ta nuna tana aiki kashi 15 cikin 100 ko da kuwa tana shaƙewa kowace safiyar Litinin. Mutane ba sa aiki a matsakaici, suna aiki ne ƙarfe takwas da rabi, a tare. Don haka ƙololuwa yake dubawa, da tsawon lokacin da take ɗauka, da yawan dawowarta. Brendan Gregg, injiniya ɗan Ostireliya da ya yi suna a wannan fanni, ya taƙaita binciken a tambaya uku da za a yi wa kowane ɓangare na na'ura: nawa ake amfani da shi, akwai masu jira a layi, kuma yana ba da kuskure? Ta tsakiyar ita ce mutane ke mantawa.

A sabar fayil ta ƙaramin ofis, firosesa ba kasafai take zama mai laifi ba, ko da yake ita ɗan kwangila ya fi son ya yi magana a kai. Faifai ne. Faifan da ke juyi sau 7,200 a minti yana da hannu mai yawo a kansa yana neman bayanai. Kowace buƙata sai hannun ya tafi inda abin yake, sannan ya jira faifan ya juyo, kuma rabin juyi kaɗai milisakan huɗu ne da 'yan kai. Idan aka haɗa tafiya da jira, faifai ɗaya ba ya wuce biyan buƙatu tamanin zuwa ɗari a daƙiƙa idan a warwatse suke. Babban fayil guda da ke kwance a jere yana iya karanta shi da gudu, amma aikin ofis ba haka yake ba. Ƙananan takardu ne dubbai, mutum arba'in kowa na jan nasa. Faifai mai terabait 16 da mai terabait 2, idan juyinsu ɗaya ne, kusan buƙatu ɗaya suke biya. Wanda ya sayo manyan fayafayai don ya magance nauyi ya sayi abin da ba a tambaye shi ba.

Sai kuma RAID, dabarar haɗa fayafayai su yi aiki kamar guda ta yadda mutuwar ɗaya ba za ta tafi da bayanai ba. Sunan ya fito ne daga takardar da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1988. Ofisoshi da yawa RAID 5 suke amfani da shi don ya fi barin wuri. Kuɗinsa a rubutu ake biya: kowane ƙaramin rubutu guda sai ya jawo aiki huɗu, a karanta tsohon bayani, a karanta lissafin kariya, a rubuta sabon bayani, a rubuta sabon lissafi. Fayafayai huɗu da za su biya buƙatun karatu 320 a daƙiƙa, idan rubutu ne sai su koma kusan 80, daidai da faifai ɗaya. Abin da ke rufe wannan rauni shi ne ɗan ma'ajin wucin gadi da ke kan katin RAID, wanda ke karɓar rubutu nan take ya zuba a faifai daga baya. Ma'ajin yana da batir da ke riƙe shi idan wuta ta ɗauke. Ranar da batirin ya mutu, katin yakan daina amfani da ma'ajin don gudun asarar bayanai, sai rubutu ya koma rarrafe. A ɗakin da babu iyakwandishan, a zafin watan Afrilu, batir ba ya daɗewa. Haka nan idan faifai ɗaya ya riga ya mutu ba a lura ba, sauran suna nan suna lissafo abin da ke kansa duk lokacin da aka nema. Saba tana aiki, a hankali, kuma saura faifai ɗaya komai ya tafi. Gwani yana karanta rahoton katin RAID kafin ya karanta takardar farashi.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne yadda masu ita suka san cewa nauyi ba ya zuwa sannu a hankali. Tushen wannan sani ya girmi kwamfuta. Agner Krarup Erlang, masanin lissafi da ke aiki da kamfanin tarho na Kofanhegan a Denmak, shi ya fara lissafin jiran layi a 1909, yana neman sanin layukan tarho nawa za su ishi gari. A lissafi mafi sauƙi na wannan fanni, inda buƙatu ke zuwa ba tsari ga mai biya guda, lokacin jira yana bin wata ƙa'ida mai ban tsoro. A ce faifai yana biyan buƙata cikin milisakan 10. Idan aiki ya cinye rabin lokacinsa, buƙata za ta ɗauki milisakan 20. A kashi 80 cikin 100, milisakan 50. A kashi 90, milisakan 100. A kashi 95, 200. Daga kashi 50 zuwa 60 ba wanda zai lura, daga 85 zuwa 95 kuwa ofis zai tsaya. Wannan ne ya sa ake jin mutane na cewa jiya lafiya lau take, yau ta lalace, ba tare da an canza komai ba sai sababbin ma'aikata uku. Kuma shi ya sa gwani idan ya ga ƙololuwa ta fara zama a kashi 70, ya ga jinkirin faifai yana haura milisakan 20 a lokutan aiki, yakan fara rubuta wa oga takarda tun ba wanda ya yi kuka.

To idan da gaske wuri ne ya ƙare fa? Nan ma sai an yi lissafi, domin lambar da ke jikin kwali ba ita ke hannu ba. Fayafayai huɗu masu terabait 4 sun zama 16 a takarda. RAID 5 ya ci guda, saura 12. Masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1,024, don haka 12 ɗin za ta bayyana a matsayin 10.9. Ba a kuma cika faifai maƙil, ana barin kashi 15 zuwa 20 don tsarin ya samu sararin juyawa. Abin da ya rage na amfani wajen terabait 9 ne. Kusan rabin abin da oga ya ɗauka ya saya ke nan, kuma gara ya ji wannan tun ranar sayayya.

Sannan a buɗe a ga me ke ciki. WinDirStat ko TreeSize za su zana faifan gaba ɗaya, kowace folda da girmanta, kuma abin da ke fitowa yakan sa a yi dariya ko a ji kunya. Bidiyon bikin ƙanwar wani. Finafinai da wa'azozi. Kwafin wayar wani ma'aikaci da ya bar aiki tun tuni. Folda mai suna na ƙarshe, da na ƙarshe na biyu, da na ƙarshe na gaske, kowace ɗauke da abu guda. Wani lokaci kuma ɓarnar ta aiki ce tsantsa: sikana da aka saita a kan ɗigo 600 a inci da launi don ɗaukar wasiƙar baƙi da fari. Shafin A4 mai launi a ɗigo 300 yana kai megabait 26 kafin a matse shi, idan aka ninka ɗigon sau biyu girman yana ninkuwa sau huɗu. Gyara saiti ɗaya a sikana yana iya rage saurin cikar saba fiye da duk wani wa'azi ga ma'aikata. Cyril Northcote Parkinson ya rubuta a 1955 cewa aiki yana buɗewa ya cinye duk lokacin da aka ba shi, kuma masu kwamfuta sun daɗe da gano cewa haka bayanai suke yi da wuri. Ƙarin terabait ba tare da ƙa'ida ba, jinkirta ranar kuka ne kawai. Windows Server yana da kayan sa wa kowane sashe iyaka da hana wasu nau'o'in fayil shiga, tun daga fitowar 2003 R2, kuma daga ta 2012 yana iya gano bayanan da suka maimaitu ya ajiye kwafi ɗaya.

A nan sana'ar take komawa ta iya zama da mutane. Gwani ba ya share kayan kowa da hannunsa. Abin da ya yi kama da shara yana iya zama takardar da mai binciken kuɗi zai nema, ko wadda doka ta ce a riƙe. Yakan kai wa kowane shugaban sashe jerin manyan foldojinsa ya ce ya zaɓa, abin da aka shekara uku ba a taɓa ba kuma a kwashe shi zuwa ajiya mai arha inda za a iya ɗaukowa idan an nema. Sau da yawa folda mafi girma ta oga ce, kuma faɗin haka yana buƙatar hikimar da ba a koyarwa a kwas ɗin Cisco.

Bayan shara sai a dubi saurin girma, domin amsar da oga ke buƙata kwanan wata ce. A ce bayan an gyara, akwai terabait 6.5 a ciki, iyakar lafiya 8.7, kuma rubutun watanni goma sha biyun da suka wuce ya nuna ana ƙara gigabait 200 kowane wata. Saura wata goma sha ɗaya. Gwani zai cire lokacin da takarda ke ɗauka kafin ta fito daga sashen kuɗi, da lokacin da kaya ke ɗauka kafin su iso, sai ya ga cewa a wata na shida ko na bakwai ya kamata a fara. Zai kuma tambayi abin da jadawali ba zai nuna ba: za a ɗauki sababbin ma'aikata? Akwai shirin sikanin tsofaffin fayilolin rajista? An ce za a sa kyamarorin tsaro, ina za su riƙa zuba hotunansu? Girman da ke tafiya da kashi 3 cikin 100 a wata yana ninka kansa cikin shekara biyu, aikin sikani guda kuwa yana iya cinye na shekara biyun cikin wata uku. Idan kuma wuri ya ragu farat ɗaya cikin dare ba dalili, wannan ba maganar sayayya ba ce, a binciki ko wata muguwar manhaja ce ke kulle fayiloli.

Kada a ɗauka gwaninta ita ce a ce kada a saya kullum. Wanda ke alfahari da cewa sabarsa ta shekara tara ba a kashe mata ko kwabo ba, ba gwani ba ne, mai sa'a ne. Fayafayai suna tsufa, garanti yana ƙarewa, kuma maye gurbin babban faifai a RAID 5 yana iya ɗaukar yini ko fiye, lokacin da sauran tsofaffin ke shan wahalar da ba su taɓa sha ba. Idan awo ya nuna a saya, gwani yakan faɗa da ƙarfi, ya kuma faɗi dukan kuɗin. Kowane terabait da aka ƙara sai an nema masa wuri a kwafin ko-ta-kwana. Kwashe terabait 8 ta wayar gigabit yana cin kusan awa ashirin, wato cikakken kwafi ya daina shiga cikin dare ɗaya. Ƙarin na'ura ƙarin zafi ne, ƙarin nauyi a kan UPS da janareto. Masu cewa a kwashe komai a kai OneDrive ko Google Drive suna da hujja a wasu ofisoshin, amma wanda ke biyan kuɗin wata-wata da aka ƙiyasta da dala ya ga yadda lissafinsa ya canza bayan an saki naira a watan Yunin 2023, kuma ofishin masu zanen gini da ke jan manyan fayiloli duk yini zai koma jiran layin intanet maimakon jiran faifai.

Duk wannan bincike a shafi ɗaya yake ƙarewa, domin oga ba zai karanta na biyu ba. "Ranka ya daɗe, wuri zai ishe mu har wata goma sha ɗaya. Nauyin safe daga fayafayai ne, ba daga cika ba. SSD biyu don foldojin da ake aiki da su kullum, da sabon batirin katin RAID, za su magance shi da kaso kaɗan na kuɗin sabuwar saba. Maganar ƙarin wuri a sa ta a kasafin baɗi." A ƙasa sai zane guda mai nuna ƙololuwar safiyar Litinin, da wani mai nuna layin girma da inda zai taɓa iyaka.

Bayan an sa SSD ɗin, wanda ke biyan buƙatu dubbai a daƙiƙa saboda ba shi da hannu mai yawo, gwani yakan sake kunna awonsa na sati biyu. Yana so ya tabbatar jinkirin ya sauka yadda ya yi alkawari, kuma ya san layin jira ba ya ɓacewa, wuri yake canzawa. Yanzu da faifai ya daina riƙe mutane, wayar gigabit guda da ke bayan saba ita za ta fara cika ƙarfe takwas da rabi, kuma zai so ya san ko ƙara mata waya ta biyu zai isa, ko takardarsa ta gaba ta suwic mai gigabit 10 ce.